Jirgi yana cijewa a can ƙarshen layi: shawarwarin 'yan zauren ƙananan jiragen ƙasa

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Kun tuna teburin ƙananan jiragen da na saya bara a hannun iyalan wani dattijo maƙwabcina da ya rasu, a nan bayan garin Landan? To na gama harhaɗa shi a gareji. Sikelin OO ne, wato kusan ɗaya bisa 76 na girman ainihin jirgi, tsawo mita 7, faɗi mita 3, layi biyu suna zagayawa, ga tashar kaya mai mararraba 14, kuma da DCC yake aiki, wato tsarin da ake aika wa kowane jirgi umarninsa ta cikin layi. Kusa da akwatin sarrafawa jirgi yana tafiya sumul. Amma da ya kai can jikin bango sai ya fara cijewa, fitila na ƙyaftawa, sautin injin ya ɗauke ya sake tashi daga farko. Na ɗan tara kuɗi. In sayi sabon kan jirgi ne, ko dai akwatin ne ya tsufa?

Kawu na Zariya: Wa alaikumus salam. Ɗana, mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Yaushe rabon da ka goge layin?

Baban Hanifa: Kawu, tun da na haɗa shi ban goge ba. Ga ido dai yana sheƙi.

Kawu na Zariya: Ido ba ya gani. Samo farin tsumma ka shafa a kan ƙarfen, ka turo mana hoton abin da ya fito.

Baban Hanifa: Subhanallahi. Layi biyu baƙi ƙirin a jikin tsumman, kamar na shafa gindin tukunya.

Maman Sultan: Ka ga ni. Wutar da jirgin nan ke sha ta wani ɗan wuri take bi, inda taya ta taɓa ƙarfe, bai kai kan allura ba. Datti kaɗan ya isa ya raba su. A DCC abin ya fi muni, don ba wuta kaɗai ke bin layin ba, har da umarnin da ake aika wa dikoda, ɗan allon lantarkin da ke cikin kan jirgi. Ka nemi sinadarin isopropyl, irin wanda masu gyaran wayar hannu ke wanke allon cikin waya da shi, ka jiƙa tsumman da ba ya zubar da zare, ka bi layin gaba ɗaya. Tayoyin jirage ma haka. Ka shimfiɗa tsumman a kan layi, ka ɗora rabin tayoyin a kai, sauran rabin a kan ƙarfe, ka riƙe jirgin ka ba shi wuta su wanke kansu.

Auta: Anti, ni da samfefa mai laushi nake goge nawa, nan da nan yake yin fes.

Maman Sultan: Auta, don Allah ka daina. Kana kankare ƙarfen ne, kana bar masa ƙananan ramuka da datti zai zauna a ciki. Yau ya yi fes, mako mai zuwa ya fi da baƙi.

Kawu na Zariya: A kan samfefa na yarda da ke. Amma robar goge layi ta kamfanin Peco, shekara da shekaru ina amfani da ita, ban ga abin da ta yi mini ba.

Maman Sultan: Kawu, da girmanku, ita ma tana da yashi-yashi a jiki, kuma tana zubar da gari a cikin mararraba. Ni ba na ɗauko ta sai in fenti ko gam ya bushe a kan layi.

Kawu na Zariya: Ke a Ingila kike, 'yata. Zo Zariya cikin hunturu ki ga ƙurar da ke sauka a teburina tsakanin Asuba da La'asar, ƙofa a rufe, taga a rufe. Robar ce dai, sannan in bi da injin zuƙe ƙura. Amma na ji, mu bar shi a haka, kowa da garinsu.

Ɗan Hamburg: Ni abin da ya rage mini wahala fensir ne. Bayan an wanke layi, sai in ɗan goga bakin fensir mai laushi a gefen ciki na ƙarfen, nan da can, jirage su raba shi da kansu. Kaɗan fa. In ka cika, ko ka sa a hawa, tayoyi za su yi ta sulɓi a wuri ɗaya. Sannan duk taragon da ke da tayar roba ka sauya masa ta ƙarfe. Na roba su ne ke tattara dauɗa suna yawo da ita.

Maman Sultan: Duk wannan daidai ne, amma ku sake karanta abin da ya rubuta. Ya ce kusa da akwati lafiya, nesa ne matsala. Datti ba ya zaɓen bango. Baban Hanifa, wayoyi nawa ne suka fito daga akwatin zuwa layi?

Baban Hanifa: Biyu. Ja da baƙa, an maƙala su a gaban tasha.

Maman Sultan: Biyu kacal, a teburin mita 7? To ga ciwon nan. Wutar da ke zuwa bango tana bi ne ta cikin ƙarfen layi, tana tsallake 'yan maɗauran nan da ke haɗa guntu da guntu, ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfen layin zamani, wanda ake haɗawa da jan ƙarfe da nikel da zinki, ba ya saurin dusashewa, shi ya sa ake son sa, amma bai kai wayar jan ƙarfe ɗaukar wuta ba ko kusa. Maɗauran kuma suna saki da tsufa, balle teburin da aka kwance aka ɗauko a mota aka sake haɗawa.

Yi wannan gwajin yanzu. Kunna wuta, ka ɗora kwabo a kan layin a can bango yadda zai taɓa ƙarafan biyu. Ya kamata akwatin ya katse wuta nan take. In ya tsaya yana tunani, ko bai katse ba sam, to ba cijewar jirgi kaɗai ke gabanka ba. Ranar da jirgi ya kauce a wurin, wuta za ta yi ta bi ta cikin taya har roba ta narke.

Baban Hanifa: Na gwada. A gaban tasha ya katse tun kafin in ɗauke hannu. A bango shiru, sai kwabon ya fara ɗumi.

Maman Sultan: Kashe shi. Kada ka ƙara gudu da jirgi a ɓangaren nan sai ka gyara. Ka ja manyan wayoyi biyu a ƙarƙashin tebur, masu kaurin milimita 2.5 murabba'i, irin na soket ɗin gida, su bi layin duk inda ya bi. Daga jikinsu ka riƙa fito da 'yan sirara gajeru, ka huda tebur, ka yi musu solda a gefen ƙarfe ta waje, ko ta ƙasa in kana son kada a gani. Ni kowane guntun layi ina ba shi nasa. In ka ga aikin ya yi yawa, kada tazarar ta wuce mita ɗaya. Ka riƙe launi ɗaya ga ƙarfen ciki, ɗaya ga na waje, ka rubuta a jikin katako, don wata rana kana kwance a ƙasa da tocila a baki ba za ka tuna ba.

Auta: Yaya, ko ka huta da duk wannan ka sa wa jiragen kafasita? Akwai wadda ake haɗawa da dikoda, tana riƙe wuta na daƙiƙa ɗaya ko biyu, jirgi ya wuce wurin da babu wuta bai sani ba.

Maman Sultan: Tana da amfani ga ƙananan injinan jan kaya masu tayoyi huɗu ko shida. Amma a nan fanadol ne za ka ba mai zazzaɓin cizon sauro. Jirgi zai daina cijewa, kwabo kuma zai ci gaba da ɗumi.

Ɗan Hamburg: Tunda za ka shiga ƙarƙashin tebur, ka yi aikin sau ɗaya. Raba teburin gida uku, layin ciki, layin waje, tashar kaya, kowanne da nasa makatsin wuta. In tarago ya kauce a tasha, sauran jirage ba ruwansu. Na kai yara Miniatur Wunderland, gidan baje kolin ƙananan jirage da ke nan Hamburg, wanda tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001. Sikelin HO ne, wato ɗaya bisa 87, layinsu ya haura kilomita 15, kowane minti 15 dare ya yi gari ya waye. Yara suna kallon ƙananan jiragen sama na tashi a filin jirgin Knuffingen, wani ƙagaggen gari da aka gina a ciki, ni kuwa na maƙale a gaban ɗakin sarrafawa ina kallon ma'aikata a gaban allunan kwamfuta suna bin jirage ɗaya-ɗaya. Abin da mutane ke biyan kuɗi su gani yana sama, amma aikin yana ƙasa da bayan fage.

Kawu na Zariya: Haka abin yake a babban jirgi ma. Fasinja yana yabon tarago, ba ya sanin wanda ya taka layi da ƙafa tun da sassafe yana duba kusoshi.

Bari in ƙara maka ɗaya, tunda a gareji kake. Kada ka yi wa duk maɗauran solda don kana jin haushinsu. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, katako kuma ya fi shi rigima, yana kumbura da laima yana tsukewa da bushewa. Ni na taɓa manne nawa gaba ɗaya cikin damina, ina murna. Hunturu na shigowa katako ya tsuke, layi ya rasa inda zai je, ya lanƙwashe kamar maciji a wuri uku. A kan kwana ka yi solda don kada layin ya yi gwiwa. A miƙaƙƙen wuri ka bar 'yar tazara kamar rabin milimita nan da can. Tunda kowane guntu yana da wayarsa, maɗauri ba shi da aiki sai riƙe saiti.

Baban Hanifa: Allah ya ƙara girma, Kawu. To mararrabar fa? Ƙaramin injina yana mutuwa a kan wasu, wasu kuma yana wucewa.

Ɗan Hamburg: Duba tsakiyarsu, inda ƙarafa biyu suka haɗu suka yi tsini. Turawa kwaɗo suke ce masa, kada ka tambaye ni dalili. In na roba ne, Insulfrog ke nan, babu wuta a wurin, gajeren inji zai mutu a kai. In na ƙarfe ne, Electrofrog, yana son a ba shi wayarsa da makunnin da ke juya masa wuta duk sanda aka sauya hanya. Kada ka dogara da harshen mararraba ya kai masa wuta, ƙwayar tsakuwa ɗaya ta shiga tsakani shi ke nan. A kan na robar ne shawarar Auta take da wuri.

Auta: Alhamdu lillahi, yau dai na faɗi abin da aka karɓa. Tambaya ta gefe: da wane mai kuke sa wa injina? Ina da man keken ɗinki na Hajiyarmu.

Maman Sultan: Mayar mata da abinta. Ka nemi wanda aka rubuta ba ya cin roba, kamar Labelle 108, da giris ɗinsu 106 don haƙoran giya. Ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace ya isa. In kana ganin man da ido, ya yi yawa, kuma a kan layi zai ƙare.

Kawu na Zariya: Ni da nake son in ga wani a zauren nan ya gina tasharmu ta gida, ko Zariya ko Kafanchan, maimakon kullum ƙauyen Turawa da coci da tumaki. Jirgi ya iso Kano tun 1911, ga dalar gyaɗa a bakin layi, wa ya taɓa gina ta a tebur? Sai dai a sani, tsohon layinmu faɗinsa milimita 1,067 ne, bai kai na Abuja zuwa Kaduna mai 1,435 ba. A sikelin HO, ɗaya bisa 87, layin milimita 12 ne ya fi kusa da shi, ba na 16.5 da kowa ke saye ba. Jar ƙasar da za a shimfiɗa a kan teburin kuwa kyauta ce, ni daga bayan gida nake ɗiba. In tankaɗe ta da rariya, in gasa ta don ƙwari, sannan in bi ta da maganaɗisu. Za ka sha mamakin abin da zai maƙale. Wanda bai cire ba, maganaɗisun injin jirginsa zai cire masa. Sai a manne da farin gam na kafinta, rabi gam rabi ruwa, da ɗigon sabulun wanke-wanke.

Baban Hanifa: Kawu, sai na fito daga ƙarƙashin tebur tukuna.

Baban Hanifa: Salam 'yan zaure, ga rahoto bayan mako uku. Na ja manyan wayoyin, na sauke 'yan sirara 62, bayana har yanzu bai yafe mini ba. A cikin ramin dutse na tarar da maɗauri ɗaya ya zame gaba ɗaya, ga saƙar gizo-gizo, kuma hannuna da ƙyar ya kai, sai da na yanka ƙofa a bayan dutsen. Yanzu kwabo yana katse wuta ko'ina na ɗora shi. Jirgi yana rarrafe a jikin bango a matakin gudu na ɗaya, sauti bai ɗauke ba ko sau ɗaya. Kuɗin sabon jirgin suna nan, sai dai Maman Hanifa ta ji labarinsu. Saura abu ɗaya: wani taragon gawayi yana kaucewa a mararraba ta 9.

Maman Sultan: Shi kaɗai, ko duk wanda ya bi ta wurin?

Baban Hanifa: Shi kaɗai.

Maman Sultan: To kada ka taɓa mararrabar. Auna tsakanin bayan taya da bayan taya, ya kamata ka samu milimita 14.5. In ya tsuke, murɗa su a hankali ka buɗa. In awon daidai ne, ɗora shi a tafin hannu ka kwatanta da 'yan uwansa, wataƙila nauyi ne babu. Manna masa washa biyu na ƙarfe, 'yan faifan nan da ake sa wa kusoshi, a ƙarƙashin gawayin, daidai tsakiya, ka sake turo shi ta baya a hankali ka gani.