Farin fentin nan na rufin dekin, da gaske yana rage zafi ko dai talla ne?

Baban_Ummi:
Salamu alaikum jama'a. Dan Allah masu ilimin gini ku ba ni shawara. Gidana a Sakkwato yake, dekin na yi da niyyar zan ɗora bene daga baya, to kun san yadda abubuwa suka koma, shekara huɗu kenan ba a ɗora komai ba. Bazarar da ta wuce wallahi ba mu yi barci a ɗaki ba, ƙarfe goman dare ka taɓa silin ka ji shi kamar kaskon tuya, fanka ma iskar zafi kawai take juyawa. Wani mai fenti ya ce akwai farin fenti na akirilik da ake shafawa a saman dekin, wai yana mayar da rana kuma yana tsayar da yoyo, ni kuma ina da ɗan yoyo a kusurwa ɗaya wajen da tankin ruwa yake. Faɗin saman mita 12 ne a 10. Ya ce bokiti uku ya isa. In saya ne ko in haƙura in tara kuɗin kwano?

Injiniya_Kn:
Wa alaikumus salam Alhaji. Abin yana aiki, ba talla ba ne. Kankare da ya tsufa ya yi duhu shan rana yake yi tun safe ya adana, sai dare ya yi ya sako muku shi, shi ya sa ɗakin dekin ya fi zafi bayan isha'i fiye da azahar. Farin fentin idan sabo ne yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana sama, ka ga yawancin zafin bai ma shiga simintin ba balle ya adana.

Amma kafin ka sayi ko gwangwani ɗaya, hau saman ka duba min abu ɗaya: ruwa yana kwanciya? Nan ne kowa yake faɗuwa. Akirilik da ruwa ake haɗa shi, yana jure ruwan sama da zai sauka ya wuce, amma ruwan da zai kwanta a kansa kwana da kwanaki yana laushe shi ya kumbura ya ɗaye. Ƙa'idar masu rufi ita ce duk ruwan da ya wuce awa 48 bayan an ɗauke ruwa bai tafi ba, to matsala ce. Tunda yanzu ba damina ba ce sai ka kwarara ruwa da tiyo ka zagaye inda ya taru da alli. In akwai kwari sai birkila ya cike da siminti ya fitar da gangare, kamar santimita 2 a kowace mita zuwa bakin indararo. Kakanninmu da suke rufin azara sun san wannan, ba za ka ga soro babu gangare da indararo ba, mu ne muke zuba dekin shafe kamar faranti saboda muna cewa ai za a ɗora bene.

Maganar bokiti uku kuma, a'a Alhaji. Mita 12 a 10 murabba'in mita 120 kenan. Ana so in ya bushe kaurinsa ya kai wajen rabin milimita, kuma kusan rabin abin da ke cikin bokitin ruwa ne da zai tashi, ka ga kana buƙatar kamar lita ɗaya a kowane murabba'in mita, a raba shi shafa biyu. Lita 120, bokiti shida kenan in mai lita 20 ne, ban da firaima, wato shafar farko da ake yi don fentin ya kama, kuma kankare mai kaushi yana ƙara sha. Wanda ya ce maka uku tsarma shi zai yi da ruwa kamar fentin bango. Zai yi fari tas ka biya shi ya tafi, damina ɗaya ka ga simintin yana leƙowa. Duba bayan bokitin, kowane kamfani yana rubuta nasa lissafin, shi za ka bi.

Mai_Rola:
Injiniya ya gama magana, ni dai nawa na mai aiki ne. Wankin saman shi ne aikin, shafawar ba komai ba ce. A share, a kankare gansakuka da ragowar siminti, a wanke da omo da buroshi mai ƙarfi, a ɗauraye sosai, a bar shi ya bushe. Ba bushewar ido ba fa. Ka samu leda ka shimfiɗa a wuri ɗaya ka liƙe gefenta da salatif ka bar ta ta kwana, da safe in ka ɗaga ka ga gumi a ƙarƙashinta to da saura. Inda birkila ya yi sabon ciko kuma sai ya yi kwana 28, kar wanda ya gaggauta ka.

Wajen yoyon nan naka fenti kaɗai ba zai riƙe ba. Tsaga da kusurwar da dekin ya haɗu da katangar gefe da kewayen bututu, ana shafa fentin da kauri a shimfiɗa ƙyallen foliyesta a kai tun yana ɗanye a sake shafawa a sama. Ni na taɓa tsallake wannan a wani aiki saboda mai gidan yana ta ƙorafin kuɗi, ruwan farko ya kira ni, da kuɗina na gyara.

Sannan shafa ta biyu a gicciye ake yi, in ta farko gabas da yamma ka yi ta biyu kudu da arewa, kuma sai ta farko ta bushe, gara ka bari sai washegari. Kar a shafa da tsakar rana a garinku, saman zai bushe nan take cikin yana ɗanye sai ya yi ƙuraje. Da hantsi ake yi a tashi kafin rana ta take.

Hajiya_Maman_Sadiq:
Mu mun yi namu shekara biyu kenan a Kano kuma gaskiya an samu sauƙi, ba wai ya koma kamar AC ba, kar a yaudare ka malam, amma yara suna iya barci a ɗaki. Abin da ba a gaya mana ba shi ne ƙurar hunturu, zuwa Fabrairu farin ya koma ruwan ƙasa. Yanzu kafin zafi ya shigo sai in sa yara su hau su wanke da ruwa da tsintsiya mai laushi. Kuma ka ja musu kunne yana da santsi in ya jiƙe, ga ɗaukar ido da rana.

Ɗan_Zinder:
Ni tambaya zan ƙara, namu an taɓa shimfiɗa baƙin fel ɗin nan mai kwalta da ake mannawa da wuta, za a iya shafawa a kai? Kuma me zai hana mutum ya shafa farar ƙasa kawai tunda ita ma fara ce?

Injiniya_Kn:
Ana shafawa a kan fel, shi ne ma ya fi buƙata don baƙi kusan duk hasken ranar yake shanyewa. Sai dai man kwaltar yana ratsowa ya mayar da farin ruwan ɗorawa, don haka ka nemi firaima ko shafar farko da aka rubuta ta kwalta ce, kuma ka fara gwada ɗan wuri ka ga ya kama. Farar ƙasa kuwa ba abin rainawa ba ce, a birnin Ahmedabad na Indiya bayan zafin 2010 da ya kashe mutane da yawa sun fito da shirin yaƙi da zafi a 2013, kuma farar ƙasa na cikin abin da suke shafa wa rufin marasa ƙarfi. Tana rage zafi, amma ba ta tsayar da yoyo kuma damina na wanke ta, duk shekara sai an sake. Wanda ruwa ke kwanciya masa kuma ba halin gyaran gangare, na silikon ya fi jurewa, illarsa tsada, yana kama datti, kuma in ka shafa shi wani fentin ba ya kamawa a kansa sai dai silikon ɗin.

Baban_Ummi:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na hau da tiyo ɗazu, ashe ƙarƙashin tankin nan har tafki ake yi, ruwan ya kai rabin ɗan yatsa, kuma indararon wajen a toshe yake da leda da ƙasa. Birkila zai zo Asabar mu sauke tankin a yi cikon. In na ƙirga kwana 28 zan faɗa farkon Maris, Mai_Rola lokacin ƙura ta lafa ko in ƙara jira?

Mai_Rola:
Maris ya yi Alhaji, ka dai duba sama da safe, ranar da aka tashi da hazo a bari. Kuma tankin a ɗora shi kan ƙafa ta ƙarfe yadda rola za ta shiga ƙarƙashi.