Ɗan shekara 9 ya koma fitsarin kwance, ina mafita?

Maman Sani, Zariya:
Salamu alaikum. Yarona ya daina fitsarin kwance tun yana shekara 4, sai ga shi wata biyu ke nan ya koma. Babansa na cewa ganganci ne.

Malam Isufu:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ba ganganci ba ne, cikin barci yake yi. Yaron da ya yi wata 6 a bushe sannan ya koma, akwai dalili. Ki fara da CSI, wato ƙaramin asibiti na kusa da ku, a auna fitsari da sukari, musamman in yana yawan jin ƙishirwa ko yana ramewa. In yana wanka a tabki ko gulbi, a duba tsargiya. Taurin bayan gida ma na danne mafitsara.

Malama Rabi:
In gwaji bai nuna komai ba, ƴar'uwa, ki duba me ya canza masa: sabon ƙane, duka a lakwal, rigimar gida, ko wani na taɓa shi. Ki tambaye shi ku biyu kawai, a natse. Don Allah a bar duka da shanya tabarmarsa gaban yara. Tsoro da kunya ƙara abin suke, har yaro ya daina shiga cikin sa'o'insa.

Baban Nana:
Ya sha ruwa sosai da rana, a rage awa 2 kafin barci. Ban da shayi da yamma, yana ƙara fitsari. Ya zagaya kafin ya kwanta, a ajiye masa tocila, a shimfiɗa leda ƙarƙashin zani. Maganin desmopressin, mai rage yawan fitsari da dare, sai likita ya rubuta, don shan ruwa da yawa a kansa na rage gishirin jini.