Wai takubban mayaƙan Musulunci na farko miƙaƙƙu ne ko lanƙwasassu?

Ɗan_Makaranta:
Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masana tarihi ku taimaka min. Jiya na ga hotunan takubban da ke ajiye a fadar Topkapi ta Istanbul waɗanda ake jingina wa sahabbai, sai na ga yawancinsu miƙaƙƙu ne samɓal, alhali ni tun ina yaro abin da ke kaina shi ne jarumi bisa doki da takobi lanƙwasasshe kamar jinjirin wata. To wai da wane irin makami aka yi yaƙin Yarmuk da Rumawa da na Ƙadisiyya da Farisawa? kuma kowa da dokinsa ne?

MaiBincike:
Wa alaikumus salam. Abin da idonka ya gani shi ne daidai, takobin Larabawa na lokacin miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, da hamila ake rataya shi a kafaɗa. Lanƙwasasshen nan daga baya ya yaɗu ta hannun Turkawan tsakiyar Asiya. Maganar doki kuwa ka tuna a Badar mutum ɗari uku da 'yan kai ne amma dawaki 2 kacal, raƙuma 70 ake karɓa-karɓa a kansu. Ko a Yarmuk a 636 dakarun ƙasa sun fi yawa, raƙumi ne ke kai mutum fagen daga, ya sauka ya yi sahu da mashi da garkuwar fata, 'yan baka suna ba shi kariya, mahaya dawakin da Khalid bin Walid ke juyawa kuma su ne ake aikawa duk inda sahu ya fara rauni. Sulke fa ba kowa ke da shi ba, tsada gare shi, shi ya sa ake gadonsa uba ya bar wa ɗa.

Tsohon_Ɗalibi:
Malam ya yi bayani, amma ni a ganina mun cika kallon ƙarfe muna manta takarda. Diwanin da Sayyadina Umar ya kafa, wato rajistar sunayen mayaƙa da albashin kowa na shekara, shi ya riƙe rundunar nan, ga kuma Basra da Kufa da Fusɗaɗ waɗanda asalinsu sansanin soja ne kafin su zama birane. Mutumin da ya san rabonsa na zuwa kuma iyalinsa na kusa ba zai watse bayan an raba ganima ba.

Kuma kar a raina dakarun ƙasa wallahi, a yaƙin Zab na 750 mutanen Khurasan da ke tare da Abbasiyawa durƙusawa suka yi suka kafe gindin masu a ƙasa tsini na kallon gaba, dawakin Marwan na biyu, halifan Umayyawa, suka zo a guje suka tarar da katangar tsini, daga nan mulkin Umayyawa a gabas ya kama hanyar ƙarewa.

Ɗan_Makaranta:
Allah ya saka da alheri, gaskiya na ƙaru. To idan gari mai ganuwa ne fa ya ake yi?

MaiBincike:
Manjaniƙ kenan. Kamar ƙatuwar majaujawa ce, doguwar sanda a kan ƙafafun katako, gefe ɗaya dutse a cikin jakar fata, ɗaya gefen igiyoyi, mutane su fizga lokaci guda dutsen ya tashi. Wanda Muhammad bin Ƙasim ya kafa wa birnin Debal a Sindh (Pakistan ta yau) sunansa Arus wato amarya, malaman tarihi sun ce mutum 500 ke jansa. Amma ba ko'ina yake ci ba, Maslama bin Abdulmalik ya zauna wa Kustantiniyya (Istanbul ta yau) daga 717 zuwa 718 ganuwar ta gagara, Rumawa suka ƙone jiragen ruwan Musulmi da wutar nan tasu da ke ci ko a kan ruwa, ga sanyi ga yunwa dole aka janye.

Tsohon_Ɗalibi:
Hoton da ke kanka na mahayi kuwa ya fi kusa da zamanin halifan Abbasiyawa Mu'utasim, wanda ya hau mulki a 833 ya tara bayi Turkawa masu harbi da baka doki na gudu, har mutanen Bagadaza suka gaji da su ya gina musu Samarra a 836. Da su ya ci Ammuriyya, birnin Rumawa, a 838. Abin da ke min ciwo a labarin shi ne a 861 dogaran nan Turkawa ne suka kashe ɗansa halifa Mutawakkil.