Don Allah masana, mi ake nufi da yawan saiteshan ɗin mai binciken lafiya?

ɗan_Anka ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wanga zaure. Ku yi haƙuri tambayar tawa za ta ɗan yi tsawo. Ni ƙaramin ma'aikacin lafiya ne a yankin Anka, bana na fara digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Satin da ya wuce anka cika Facebook da taya wani dakta ɗan Arewa murna wai ya shiga cikin kashi 2 cikin 100 na masu binciken da anka fi ambaton aikinsu a duniya, wlh na yi murna don namu ne. Sai na buɗe shafinsa na Google Scholar, wato dandalin Google na takardun bincike, na tarar da lambobi, ga saiteshan, ga h-indes, ga i10, ban gane kansu ba. Shin mi suke aunawa, ilimin mutum ko amfanin da ya yi wa jama'a?

Abin da ya sa na damu, shekarun baya na yi wa wasu masu bincike aikin tattara bayanai, kusan wata biyu muna bisa mashin ƙauye-ƙauye, ni ke roƙon mai gari, ni ke fassara wa iyaye mata, ni ke auna yara, takarda ta fito ban ga sunana ba ko a wurin godiya, kuma har yau ba wanda ya koma ya faɗa wa mutanen nan abin da anka gano a jikin ɗiyansu. In na bi ta can kunya nake ji, don ni suka sani, ni suke tambaya.

Dakta_BirninKebbi ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Tambayarka biyu ce, bari in fara da mai sauƙin. Saiteshan shi ne duk lokacin da wani mai bincike ya kafa hujja da takardarka a cikin tasa. Shi kuma h-indes wani masanin fiziks ne mai suna Jorge Hirsch na Jami'ar Kalifoniya a San Diego ya ƙirƙiro shi a 2005. Misali in an ce naka 10 ne, to kana da takardu 10 da kowacce an ambace ta aƙalla sau 10. Ko kana da guda ɗaya da aka ambata sau dubu, in sauran ba wanda ya kula su, ba zai motsa ba. I10 kuwa na Google Scholar ne, yawan takardunka da suka kai ambato 10, shi ke nan.

Jerin kashi 2 ɗin nan da ka gani, Farfesa John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa ke fitar da shi, kuma da bayanan Scopus, wani rumbun takardun bincike da aka tantance, suke aiki, ba Google Scholar ba. Akwai bambanci, Google Scholar kusan komai yake kwasowa, har kundin digiri da takardun da ba a tantance ba, shi ya sa lambar mutum a can takan fi ta Scopus girma. Shiga jerin ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ke aiki a nan, inda wuta da data da kuɗin bincike duk da kyar, don haka a taya shi murna da gaske.

Amma ka riƙe wannan, lambar tana gaya maka masu rubutu nawa ne suka waiwayi aikinka, ba ta san ko yaro ya warke ba. Kuma ambato ba yabo ba ne kullum, takardar Andrew Wakefield ta 1998 a mujallar Lancet, wadda ta jingina allurar rigakafin ƙyanda da galahanga, an janye ta a 2010, amma an ambace ta ba adadi, da yawa don ƙaryata ta ne. Sannan a fanninmu akwai manyan takardun ƙididdigar cututtukan duniya da wata cibiya a Jami'ar Washington ke jagoranta, mutum ɗaruruwa kan sa suna a takarda guda, kowa a cikinsu sai lambarsa ta yi tsalle. Shi ya sa in ina duba shafin mutum ba jimla nake fara kallo ba, ina duba a takardu nawa ne sunansa ya zo farko ko ƙarshe, don galibi nan ake sa wanda ya fi yin aikin da wanda ya jagorance shi, kuma a kan mi ya yi aikin.

Gwaggo_Bukkuyum ta amsa:

Ɗana, ni ba 'yar jami'a ba ce, nas ce, na kusa ritaya, amma bari in sa baki don kar ka raina rubutu saboda abin da anka yi maka. Kai ɗan Anka ne ka san 2010. Yara na ta mutuwa a Dareta da Yargalma, suna shiɗewa suna jijjiga, mu nan ƙasa tunaninmu sanƙarau ne ko zazzaɓin cizon sauro mai hawa kai, ana ba da magani ba sauƙi. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sunka lura abin bai yi kama da waɗannan ba, anka ɗibi jini anka kai waje, sannan anka gano dalma ce daga duwatsun zinare da ake niƙawa cikin gida, a turmi da injin niƙa, ƙura na tashi inda yara ka rarrafe suna sa hannu a baki. Yara aƙalla 400 sunka rasu, Allah Ya jiƙan su.

Bayan nan ƙwararru na CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, da namu na Najeriya sunka bi gida-gida, abin da sunka rubuta ya fito a 2012. A ƙauyuka biyu kawai, cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara 5, guda 118 sun mutu cikin shekara ɗaya, wato ɗaya cikin huɗu, kuma cikin waɗanda anka gwada jininsu kashi 97 cikin 100 dalmar ta kai matakin da sai an ba su maganin da ka janye ta daga jiki. Ka ga da bakinmu kaɗai munka faɗa, cewa za a yi ƙauyawa ne ke kururuwa. Da lamba ta shiga takarda ba mai musu. Duk da haka dubi garin Bagega a yankin Anka, an san matsalar, an rubuta, amma sai 2013 anka fara kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin, bayan matasa sun tada ƙura da gangamin ceto Bagega a intanet har gwamnatin tarayya ta saki kuɗi, kuma likitoci ba su iya fara ba yara magani sai an share ƙasa don in sun koma gida guba za su sake kwasa. To waɗannan matasa da masu garin da sunka lallashi mutane a fitar da niƙa bayan gari, wa ke ƙirga musu saiteshan? Ni dai na ga amfanin takarda da idona, na kuma ga inda ta tsaya sai da mutane sunka ɗauke ta.

Ummu_Gusau ta amsa:

Dakta ka yi bayani amma gsky ka tsallake wurin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Mu ƙananan malamai ba don duniya ta karanta muke rubutu ba, don ƙarin girma muke yi, ana ƙirga maka takardu nawa ka buga, to mutum albashinsa bai kai ƙarshen wata ba a ce ya biya dala dubu biyu ko uku a babbar mujalla, ina zai samo? Sai ya faɗa hannun mujallun bogi, yau ka tura gobe a ce an karɓa, ka biya, ba wanda ya karanta balle ya gyara. Wani ma'aikacin laburare a Amurka, Jeffrey Beall, ya taɓa riƙe jerin sunayensu har ya rufe shi a 2017. Ga kuma sa-ni-in-sa-ka, mutum biyar su haɗa kai kowa na sa sunan sauran a takardarsa kuma suna ambaton juna, lamba na hawa aiki bai ƙaru ba. Ni abin yana min ciwo don ɗalibai na kallonmu, abin da suka ga muna yi shi za su ɗauka shi ne bincike.

Dakta_BirninKebbi ya sake amsawa:

Malama Ummu ban musa ba ko ɗaya, kuma ba mu kaɗai ke kuka ba, tun 2012 masana suka tsara sanarwar San Francisco cewa a daina auna mutum da sunan mujallar da ya buga, a karanta aikin kansa. Sai dai ba dole ne sai bogi ko dala dubu ba. Akwai mujallun ƙwarai a nan gida, Annals of African Medicine a Sakkwato take kuma ana samunta a PubMed, rumbun takardun likitanci, ga dandalin AJOL mai tattara mujallun Afirka, sannan manyan ma wasu na rage kuɗi ko su yafe in ka rubuta ka roƙa tun kafin ka tura.

Ɗan Anka, na dawo kan tambayarka ta biyu. Abin da aka yi maka ba daidai ba ne. Ƙa'idar kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ta ce tattara bayanai yana cikin gudummawar da ke buɗe wa mutum ƙofar zama marubuci, amma sai ya haɗa da sa hannu a rubutun ko gyaransa, ya amince da kwafin ƙarshe, ya kuma ɗauki alhakin abin da ke ciki, kuma ta ce wanda ya yi na farkon a ba shi damar yin sauran. Wanda bai cika ba a sa shi a godiya da izininsa. Don haka nan gaba tun kafin ka hau mashin ka tambaya, kuma a rubuce, mi ne matsayina a takardar nan, kuma yaushe za mu koma mu faɗa wa gari sakamako. Ka buɗe ORCID yau, wato lambar shaidar mai bincike, kyauta ne. Kuma kar ka je neman maudu'i nesa, mu nan Kebbi binciken ƙasa na 2021 ya nuna kashi 49 cikin 100 na yaran da aka gwada suna ɗauke da ƙwayar maleriya, mafi yawa a Najeriya, kuma wannan na cikin abin da ya sa aka fara rigakafin maleriya da Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024. Irin wannan lamba daga hannun mutane irinka take fitowa.

ɗan_Anka ya amsa:

Na gode Dakta, na gode Malama, Gwaggo Allah Ya saka da alheri, kin tuna min abin da ya sa na shiga wanga aiki tun farko. Na yanke shawara kundina zan yi shi kan yaran da anka yi wa maganin dalma wancan lokaci, yanzu sun zama samari da 'yan mata, ina son in san yaya karatunsu da lafiyarsu, in hanya ta yi kyau don kun san halin tsaro a wajenmu. Takardar can da ba sunana na saukar da ita, zan fassara sakamakon da Hausa in kai wa mai gari ran kasuwa. Dakta don Allah in na rubuta shawarar binciken zan iya turo maka ka duba min kafin in kai wa mai duba aikina?

Dakta_BirninKebbi ya amsa:

Turo ta akwatin sirri. Amma fara neman izinin kwamitin ɗa'ar bincike na ma'aikatar lafiya ta jiha kafin ka ɗibi jinin kowa, kuma ka sa kuɗin komawa ƙauyen a cikin kasafinka.