Haɗakar 'yan adawa da kujerar kansila: shin guguwar Abuja tana isa mazaɓa?

Malam Garba, Azare: Assalamu alaikum. Ra'ayina shi ne haɗakar da manyan 'yan adawa suka ƙaddamar a Abuja a watan Yulin 2025 ƙarƙashin jam'iyyar ADC, wadda Sanata David Mark ya karɓi shugabancinta, ba za ta sauya komai a ƙananan hukumominmu ba, ko da ta ci kujerar shugaban ƙasa. Hujjata a bayyane take. A zaɓen ƙananan hukumomi na Afrilun 2024 a Gombe, APC ta lashe kujerun shugabanni 11 gaba ɗaya, sannan a watan Agustan 2024 PDP ta lashe duk kujeru 20 na Bauchi. Jihohi biyu maƙwabta, jam'iyyu biyu masu hamayya da juna, amma sakamako iri ɗaya: jam'iyyar gwamna ce ke kwashe komai.

Hajiya Rabi, Gombe: Wa'alaikumus salam, Malam Garba. Alƙalumanka daidai ne, amma ban yarda da abin da ka gina a kansu ba. A 2013 ne ACN da CPC da ANPP da wani ɓangare na APGA suka dunƙule suka zama APC, kuma a lokacin mutane da yawa sun ce taron tsintsiya ne ba shara, sai ga shi a 2015 sun kayar da shugaba mai ci. Ku ma a Bauchi, ai haɗa kai tsakanin PDP da waɗanda suka fusata daga APC, irin su Yakubu Dogara, ne ya kai Bala Mohammed gidan gwamnati a 2019 bayan ya kayar da gwamna mai ci, M. A. Abubakar. Idan haɗaka tana iya sauya gwamna, to tana iya sauya ƙananan hukumomi.

Malam Garba, Azare: Hajiya, ai kin ƙarfafa maganata ne. Inda baki ya karkata, nan yawu kan zuba. Idan sai gwamna ya sauya kafin kansila ya sauya, to mutumin mazaɓa bai zaɓi kowa ba, an dai sauya masa wanda zai zaɓa masa.

Barista Aminu, Bauchi: Bari in kawo ɓangaren doka, domin a nan gizo ke saƙa. Sashe na 7 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da cewa zaɓaɓɓun shugabanni ne za su riƙe ƙananan hukumomi, amma kundin nan ne kuma ya kafa hukumar zaɓe ta jiha wadda gwamna ke naɗa mambobinta, sannan sashe na 162 ya samar da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, a ƙarar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar a kan gwamnoni 36, ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye, ya kuma haramta riƙe su da kantomomi. Sai dai hukuncin bai taɓa batun wanda ke gudanar da zaɓen ba. A Abuja, inda INEC ke shirya zaɓen ƙananan hukumomi shida, a 2022 PDP ta ci uku, APC ta ci uku. Wannan bambanci kaɗai ya isa a tsaya a yi tunani.

Alhaji Isa, tsohon kansila: Barista, ranka ya daɗe, ni zan yi magana ne a kan abin da idona ya gani. Lokacin da nake kansila, kafin in dawo daga sallar asuba tabarmar ƙofar gidana ta cika: wannan da takardar magani a hannu, wancan da kuɗin jarrabawar ɗansa, ga matan unguwa sun aiko a gaya mini famfon tuƙa-tuƙa ya lalace tun kafin azumi. Na rubuta takarda kan famfon nan har sau uku, amsar dai ɗaya ce, wai kuɗi bai sauko ba. A ƙarshe ni da wanda na kayar a zaɓe, ɗan wata jam'iyyar, muka zagaya gida gida muka tara kuɗin gyara, shi ya kawo mai gyaran, ni na sayi bututun. Saboda haka idan ana maganar haɗaka, mu a mazaɓa mun daɗe muna yin ta ba tare da an kira 'yan jarida ba. Abin da ke hana ta zama mulki shi ne takara ba daga hannun jama'a take fitowa ba, daga sama ake aiko da suna.

Malama Safiya, Dass: Baba Alhaji, Allah ya saka da alheri, wannan bayani ya taɓa ni. Amma ina da ja a kan maganar Barista. Miƙa zaɓen ga INEC yana iya zama gudun gara a faɗa zago, domin shugaban ƙasa ne ke naɗa shugabannin INEC, kuma ikon da muke kuka gwamna ya tattara zai koma Abuja ne kawai. Sannan, Hajiya Rabi, kada mu manta da yadda haɗaka ke watsewa bayan an ci zaɓe. Isa Yuguda ya hau mulkin Bauchi a 2007 a ANPP da goyon bayan talakawa masu son canji, a 2009 ya koma PDP, mataimakinsa Garba Gadi da ya ƙi binsa aka tsige shi, sai kotu ce ta mayar da shi daga baya. Waɗanda suka yi dakon ƙuri'a a mazaɓu ba a tambaye su ba.

Barista Aminu, Bauchi: Malama, tsoronki yana da tushe, ban musa ba. Sai dai kowace hanya aka ɗauka, gyaran kundin tsarin mulki yana buƙatar kashi biyu bisa uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi aƙalla 24, kuma majalisun nan da wuya su saɓa wa gwamnoninsu. Shi ya sa nake ganin haɗakar da ba ta nemi kujerun majalisar jiha da gaske ba, ba ta da abin da za ta gyara tsarin da shi.

Hajiya Rabi, Gombe: To, Malam Garba, na sassauta matsayina zuwa nan: haɗaka tana iya kawo sauyi, amma sai an ɗaure ta da alkawari tun kafin 2027. Duk ɗan takarar majalisar jiha da ya zo ƙofata neman ƙuri'a, na haɗaka ne ko na jam'iyya mai mulki, zan tambaye shi a gaban mutane ko zai goyi bayan soke asusun haɗin gwiwa.

Malam Garba, Azare: Na amince da tambayar, Hajiya, amma ban janye maganata ba tukuna. Ranar da na ga ɗan adawa ya ci kujerar shugaban ƙaramar hukuma ko guda ɗaya a Bauchi ko Gombe, aka kuma rantsar da shi, ni da kaina zan zo Gombe in ba ki haƙuri.