Muhawara: tsohon bes na kafin 1965 ko sabon da Fender ke sake ƙerawa?

Ɗan Jos: Salam jama'a. Ni dai ina nan a kan bakana, duk wani bes, wato gitar nan mai kaurin sauti, da kamfanin Fender suka ƙera kafin 1965 ya fi wannan riyishu da suke fitarwa yanzu da sunan wai sun maimaita tsohon samfuri. Tunda Leo Fender ya sayar wa CBS da kamfanin a Janairun 1965 a kan dala miliyan 13 abu ya lalace. Wanda bai yarda ba ya fito.

Oga Situdiyo: Ƙanena ka taɓa riƙe na 1962 a hannunka, ko a YouTube ka ji?

Ɗan Jos: Oga ba sai na riƙe ba ai, kunne gare ni. Ka saurari James Jamerson na Motown, bes ɗin Fender samfurin Precision na 1962 ne a hannunsa, ka saurari Jaco Pastorius, Jazz Bass na 1962 ne shi ma. Duk shekara ɗaya, haɗuwa ce kawai?

Oga Situdiyo: To ai kai da kanka ka rusa hujjarka. Jamerson wayoyin La Bella masu santsi yake sa wa, ya shekara da shekaru bai canza su ba har sun mutu murus, ga soso a cuse ƙarƙashin murfin gadar da wayoyin ke hawa yana danne sautin, wayoyin sun yi sama nesa da wuya kuma da yatsa ɗaya yake kaɗawa. Shi kuma Jaco cire firet ɗin, ƙarafan nan da ke jere a kan wuya, ya yi gaba ɗaya ya shafe wuyan da gam ɗin ifoksi ya sa wayoyi masu kaushi. Shekara ɗaya, kamfani ɗaya, amma sautinsu ko kama hanya ba su yi ba. Kuma ka tuna lokacin da Jamerson yake kaɗa nasa a Detroit SABO ne, bai tsufa ba tukuna.

Baba Mai Gyara: Assalamu alaikum. Yaron nan bai yi ƙarya duka ba, kar ku taru a kansa. Akwai abubuwan da suka canza da gaske. Na da fentin naitiro ne, siriri, yana tsagewa yana goguwa, wajen ƙarshen shekarun 1960 suka koma foli mai kauri kamar an zuba roba. Katakon saman wuya rozwud na Brazil ne, wanda tun 1992 yarjejeniyar CITES ta sa shi a jerin da ba a cinikinsa tsakanin ƙasashe sai da takardu masu wuyar samu, saboda haka sabon ba zai zo da shi ba. Fikof kuma, wato maganaɗisun da ke ɗaukar motsin waya, wajen naɗa shi mutum ne ke riƙe da wayar tagulla da yatsa yana jagorarta inji na juyawa, irin su Abigail Ybarra da ta shiga kamfanin a 1956 ba ta bar aiki ba sai 2013, shi ya sa ba za ka samu biyu da suka zo daidai da juna ba.

Ɗan Jos: Yauwa Baba, Allah ya ƙara girma. Oga ka ji ko?

Baba Mai Gyara: Dakata ɗana ban gama ba. Wannan rashin daidaiton yana nufin wasu sun fito da daɗi wasu sun fito a lalace. Marasa daɗin tuni aka farfasa su aka sayar da kayan ciki, ko suna ƙarƙashin gado. Kamar Fijo 504 ce, in ka ga wadda har yau take bin hanya sai ka ce ai motocin da ba sa mutuwa, ka manta da dubban da ke kwance a wajen 'yan gwangwan.

Hajiya Mai Bes: Ni abin da ke ba ni dariya a maganar nan shi ne a da duk wanda ya san kaya cewa yake na shekarun 1970 shara ne, nauyi kamar me, wuyan Jazz noti uku kacal ke riƙe da shi, fenti kamar sulke. Yau su ma sun zama "tsohon kaya" kuɗinsu ya tashi. Marcus Miller Jazz na 1977 ya yi suna da shi, Geddy Lee na 1972, duk zamanin CBS ɗin da ka ce abu ya lalace.

Ɗan Jos: Anti ai na Marcus an yi masa aiki, Roger Sadowsky ya sa masa firi'am, 'yar na'urar ƙarfafa sauti, a ciki, ba haka ya fito daga kamfani ba

Hajiya Mai Bes: Madalla, ashe ka san aiki ne ke gyara sauti ba shekarar haihuwa ba 😂

Ɗan Yamai: Ku bari in sa baki daga nan. Ni na Japan gare ni kuma ban ga abin da zai sa in yi kishin kowa ba. Mutane sun manta dalilin da ya sa aka fara riyishu ɗin ma, kamfanonin Japan irin su Tokai da Greco ne suka dinga kwafar tsofaffin samfuran Fender da kyau har suka fi abin da Amurka ke fitarwa a lokacin, sai Fender suka ga ba sarki sai Allah, a 1982 suka buɗe Fender Japan, masana'antar FujiGen ke ƙera musu, a shekarar kuma suka fito da nasu na Amurka, Precision na 57 da na 62 da Jazz na 62. Yanzu waɗancan na Japan da lambarsu ta fara da JV su ma nemansu ake ruwa a jallo. Kwafi ya tsufa ya zama abin tarihi, to ina maganar take?

Oga Situdiyo: Bari in ƙara muku wani abu. A 2010 a Indianapolis wata mai bincike Claudia Fritz da abokan aikinta sun tara masu goge irin na Turawa su 21, aka sa musu tabarau mai duhu irin na masu walda, aka ba su goge shida, uku sababbi uku tsofaffin Italiya har da Stradivari guda biyu. Wanda aka fi zaɓa sabo ne, wanda aka fi ƙi kuwa Stradivari ne. Wannan fa kayan da katako ne kaɗai ke fitar da sautinsa. Balle bes da maganaɗisu ne ke ɗaukar motsin waya ya tura amfilifaya.

Ɗan Jos: Goge daban bes daban Oga. Kuma katako in ya shekara 60 yana bushewa dole ya yi amo daban, ko ba a jona ba za ka ji yana rawa a cikinka

Oga Situdiyo: Kai kake jin rawar a cikinka, makirfo ba ya ji. Ni abin da ya shiga na'ura shi nake sayarwa. In na zuba ganga da fiyano da murya a kai wlh ko wanda ya ƙera shi ba zai ware maka ba.

Hajiya Mai Bes: A nan kam ban bi ka duka ba Oga. Yadda kaya ya zauna maka a hannu yana canza yadda kake kaɗawa, wuyan da hannu ya goge shekara da shekaru har fentin ya tafi ba ya kama tafi in ka yi gumi, kuma in kana jin daɗin abu kiɗanka ma daɗi yake. Wannan gaskiyar Ɗan Jos ce. Inda muka rabu da shi shi ne kuɗin. Riyishun American Vintage II da suka fitar a 2022, Precision na 54 da na 60 da Jazz na 66, fentin naitiro ne, siffar wuyan irin ta da, dala dubu 2 da 'yan kai lokacin da suka fito. Na asali na farkon shekarun 1960 mai lafiya ya haura dala dubu 10 nesa ba kusa ba. Ku buga da canjin yau ku gani.

Baba Mai Gyara: Kuma in ka tara kuɗin ma wa ya ce na gaske za a ba ka? An taɓa kawo min wani wai na 1964, mai shi yana ta fankama, lambar farantin baya ta fara da L yadda ya kamata. Na kwance wuya, babu hatimin kwanan wata a gindinsa. Na buɗe ciki na duba bayan maɓallan ƙara, ai lamba ce a jiki, 304 na Stackpole ko 137 na CTS sannan shekara da mako su biyo baya, waɗannan sam ba na zamanin ba ne, dalmar ma sabuwa fil tana ƙyalli. Farantin kaɗai ne tsoho. Tun 1995 da Custom Shop, sashen Fender na aiki na musamman, suka fara sayar da sabo da aka tsufar da gangan kowane mai fenti ya koyi yadda ake ƙirƙirar tsagewa da tsatsa.

Ɗan Yamai: Baba ka faɗa musu maganar hunturu ma

Baba Mai Gyara: Ai ita ce babba. Iskar hunturu in ta busa katakon wuya yana tsukewa, bakin firet ya fito yana yankar hannu, wuyan ya motsa, damina ta zo ya koma. Su kuma waɗannan, tsohon da riyishun duka, kan rodin cikin wuya da ake juyawa a miƙe shi a gindi yake, sau da yawa sai ka sassauta notina ka ɗaga wuyan kafin sukudireba ta kai gare shi. A sabo in rodi ya ƙi ka sayi wani wuyan ka ɗaura. A na 1962 in ya karye, ka canza wuya, rabin darajar kayan ta tafi. Sannan ka ɗauke shi a bayan mashin zuwa gidan biki, ga zafin rana ga ƙura ga janareto yana sa Jazz ƙugi in ka buɗe fikof ɗaya kaɗai.

Ɗan Jos: To Baba in duk haka ne me ya sa manyan duniya suke rububinsu? Mahaukata ne?

Hajiya Mai Bes: Ba a ƙara yin wasu, shi ke nan. Bes ɗin Höfner na Paul McCartney a Hamburg ya saye shi a 1961 wajen fam 30 don shi ne aljihunsa zai iya, aka sace a 1972, aka sanar a 2024 cewa an dawo masa da shi. Yau ba mai iya yi masa kuɗi, kuma ba don katakon ba ne.

Ɗan Jos: Ni dai ban sauka ba. A kawo na asali a kawo riyishu, a ɗaure min ido, in ban ware ba ku kira ni duk sunan da kuka ga dama

Oga Situdiyo: Na yarda, situdiyo a buɗe take ranar Asabar. Sharaɗi: wayoyi iri ɗaya sababbi a duka biyun, Baba ne zai saita tsayinsu, amfilifaya ɗaya, kuma Hajiya ce za ta kaɗa kai kana bayan labule, sau goma. Riyishu akwai a wajena. Na 1962 kuma kai za ka nemo, tunda kai ka ce ka san shi.

Ɗan Jos: Haba Oga a ina zan samo shi a garin nan 😭