Baƙin mai da juye: yadda makanikai da 'yan kabu-kabun Kebbi ke yi

Mai Boxer, Kalgo:
Assalamu alaikum. Bazara ta kama, zafin Maris da Afrilu a nan yakan haura digiri 40, kuma injin mashin iska ce kaɗai ke sanyaya shi. Makanikai da 'yan kabu-kabun zauren nan, kowa ya kawo abin da hannunsa ya sani kan duba baƙin mai da juye: yaushe, nawa, wane iri.

Bakanike, Jega:
Wa'alaikumus salam. A fara da dubawa, don yawancin injin da ake turo mana a buge, man ne ya ƙone ya ragu tsakanin juye da juye, mai mashin bai sani ba. Injin da duka-duka lita ɗaya yake ci, in ya rasa rubu'i, saman inji ne ke fara jin jiki.

Ɗora mashin kan jak na tsakiya a wuri mai daidai. Kan jak na gefe mai zai taru ɓangare guda, geji, wato sandar auna mai, ya yi maka ƙarya. Tada shi ya yi minti 2 ko 3 a silo, wato ba tare da murza wuta ba, ka kashe, ka jira minti 3 man ya sauko. Share ƙurar bakin wurin kafin ka kwance, in ba haka ba da hannunka za ka tura yashi ciki. Zaro geji, goge, mayar ka ɗora shi a baki kawai ba tare da murɗawa ba, sannan ka sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin layin sama da na ƙasa. Masu 'yar tagar gilashi a jikin inji, nan za su duba. Ɗan kabu-kabu ya yi wannan kowace safiya.

Ɗan kabu-kabu, Argungu:
Oga, wanga batu na murɗa geji shi ka kawo gardama a tasha. Wasu cewa sukai sai an ɗaure shi tam kahin a karanta.

Bakanike, Jega:
A injin CG (irin ƙirar Honda) da roba-roba ɗorawa ake yi, ƙanena. In ka murɗa, geji ya ƙara nutsewa, sai ya nuna cike alhali akwai giɓi. In littafin mashin ɗinka ya faɗi akasin haka, bi littafi.

Mai kayan gyara, Birnin Kebbi:
Kan irin mai, a karanta jikin roba. 20W-50 ne ya dace da ƙananan mashinan nan a zafinmu, sannan a nemi rubutun JASO MA ko MA2. Dalili: a mashin, baƙin mai ɗaya ne ke wanke inji da giya da kuloci. Wasu mayukan mota na zamani an sa musu sinadarin ƙara santsi, kuloci ya sha ya fara zamewa, ka ji inji na ihu mashin ba ya ja, musamman in an ɗaura buhun shinkafa. Wanda aka rubuta MB na sikuta ne, ba naku ba. Man awo na bakin titi kuwa ban yarda da shi ba, ba ka san abin da aka gauraya ba. A duba hatimin murfi, a kuma huda robar bayan an juye, don da tsofaffin robobi ake cika jabu.

Baban gareji, Yauri:
Ga yadda juye yake. Da ɗumi ake yinsa, bayan tafiyar minti 5, saboda man ya tsinke ya kwaso dattin da ya kwanta. Amma kada a taɓa shi yana dawowa daga doguwar hanya, yana saɓule fatar hannu. Buɗe geji a sama iska ta shiga, sa kwano, kwance notin ƙasa. A roba-roba yawanci sifana 17 ce. A injin CG akwai babban murfi na sifana 24, bayansa akwai sifirin da 'yar rariya. Wannan rariyar yara da yawa ba sa ko kallonta. A wanke ta da kalanzir, a bar ta ta bushe, a mayar da ita yadda ta fito, a duba zoben robar murfin, in ya taurare ko ya baje a sauya. Bar man ya tsiyaye minti 5, ka ɗan karkata mashin dama da hagu.

Wajen ɗaurewa ake ɓarna. Jikin inji alminiyom ne, noti kuwa ƙarfe, to zaren jikin inji ne ke cinyewa. Fara murɗawa da yatsu har ya zauna, sannan sifana ta ƙarasa, ba a taka ta da ƙafa. Woshar noti in ta lotse a sa sabuwa. Naɗa zare ko leda a noti ba gyara ba ne, ɗiga zai ci gaba.

Yawan mai: roba-roba wajen mililita 800, Boxer da CG tsakanin 900 da lita ɗaya, ya danganta da samfuri. Wasu injinan an rubuta adadin kusa da bakin zubawa. Wanda ya juye lita ɗaya cur a roba-roba don kada ragowar ta yi asara, man zai yi kumfa, ya biyo bututun numfashin inji, ya tura sil ya fara yoyo. A ajiye ragowar don ƙari. Bayan an zuba da mazurari, tada shi a silo minti 2 ba tare da murza wuta ba, leƙa ƙasa ko yana ɗiga, kashe, sake gwada geji.

Ɗan kabu-kabu, Argungu:
Baba, masu ɗauraye cikin inji da fetur ko su tada shi babu mai don ya hurar da ragowa fa?

Baban gareji, Yauri:
Kada ka bari a yi wa naka, ɗana. Fetur na wanke man da ke jikin boris da fistin, ragowarsa kuma ta tsinka sabon mai. Tada inji babu mai ko na daƙiƙa kaɗan ne, ƙarfe ke cin ƙarfe.

Mai ban-ruwa, Bunza:
Masu shiga fadama da damina, a kalli launin man. In ya koma kamar shayi mai madara, ruwa ya shiga, a juye a ranar, a ɗan yi tafiya a sake juyewa. In yana warin fetur ya tsinke, har ya haura layin sama, allurar kafireta ce ke sakin fetur, a gyara ta, a riƙa rufe makunnin fetur da dare. In ka murza shi a yatsa a rana ka ga ƙyalƙyalin ƙarfe, sabon mai ba zai warkar da shi ba, sai bakanike. Baƙi kaɗai ba laifi ba ne, aikinsa ke nan ya kwashe datti. Tsohon man kuma don Allah kada a zubar kusa da rijiya ko gona, a tara a jarka.

Mai Boxer, Kalgo:
Saura lokacin juye, Oga. Mitar yawancinmu ta mutu.

Bakanike, Jega:
Sabon mashin, ko wanda aka sa wa sabon fistin da ringi, juyen farko tsakanin kilomita 500 da 1,000, don garin ƙarfe. Bayan nan littattafai na ba da tazara mai tsawo, amma da lodinmu da ƙurar hunturu ni ina tsayawa a 1,500 zuwa 2,000. Mai yin kilomita 120 a wuni, mako biyu ke nan. Mai zuwa ofis ya dawo, kada ya wuce wata uku. A rubuta kwanan watan a cikin murfin gefe. Duk juye a wanke soson iya kilina (matatar iska), don ƙurar da ta wuce shi cikin mai take ƙarewa. In kuma salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, geji na sauka cikin kwana kaɗan, ringi ne ko sil ɗin bawul, a buɗe saman inji a duba.